ƘUNGIYAR MASU TAFIYA A ƘASA: YADDA A KE KAFA TA DA YADDA A KE RIƘON TA

Darasi domin iyayen ƙasa da malamansu a Wurno da Rabah da Goronyo

A ce wata rana uban ƙasa yana zaune a zaure, sai ga wani malamin makaranta da samari biyar ko shida, suka faɗi suka yi gaisuwa. Malamin ya ce, "Ranka ya daɗe, muna so mu kafa ƙungiya, mu riƙa fita kowace Asabar muna tafiya a ƙasa daga gari zuwa ƙauye, ba don ciniki ba, ba don biki ba, sai don motsa jini da sanin ƙasarmu." To, me ya kamata ya ce musu?

Akwai amsa biyu masu sauƙi, duka biyun kuwa kuskure ne. Ta fari ya ce zamanin bai dace ba, ya sallame su. Ta biyu ya ce Allah ya taimaka, ya mance da su sai ran da mugun labari ya iske shi. An shirya wannan darasi ne don a nuna amsa ta uku, watau ya karɓe su, ya sa musu tsari, ya sa malaminsa ya riƙa duba littafinsu. A ciki mun bi kalmomin Sakkwato: uban ƙasa shi ne mai riƙe da gunduma, wanda a Kano da Zariya a ke ce wa hakimi, hakimi kuwa shi ne mai riƙe da gari, watau dagaci.

1. ABIN DA A KE NUFI DA WANNAN ƘUNGIYA

Ita taron mutane ce waɗanda suka yarda don kansu, ba tilas, ba albashi, su riƙa haɗuwa a rana sananniya, su bi hanya sananniya da ƙafa, a bayan shugaba sananne, su komo gida a lokaci sananne. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya ɓace, to, ba ƙungiya ba ce, yawo ne kawai.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 40 da na 41, ya ba kowane ɗan ƙasa ikon shiga ƙungiya da ikon zirga-zirga. Saboda haka ba izinin uban ƙasa ne ke halatta ta ba. Abin da samarin nan su ke nema gare shi shawara ce da inuwa, kuma sun kyauta da suka fara da ƙofarsa.

Lalle ne tun ranar farko a raba ta da 'yan sa kai. A da in an ce mutum ya yi aikin sa kai, ana nufin ya yi wa jama'a aiki ba da lada ba. Amma a ƙasarmu sunan ya koma kan masu ɗaukar makami, har Gwamnatin Jihar Sakkwato ta haramta ƙungiyar 'yan sa kai a 2021. Don haka kada a sa wannan kalma cikin sunan ƙungiya ko a bisa takardunta. Masu tafiya ba 'yan banga ba ne, ba 'yan siyasa ba ne, ba kuwa masu kai rahoton kowa ba ne.

2. ABIN BA BAƘO BA NE A GARE MU

Wani ya kan ce ai wannan al'adar Turawa ce. Ba haka ba ne. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, matar Waziri Giɗaɗo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru a ƙasar nan. Mata ne na ƙauyuka, dattawa da 'yan mata, waɗanda su kan taso a ƙasa ƙungiya ƙungiya su zo wurinta neman ilmi, suna ɗauke da abin sadaka kamar hatsi da zuma da man shanu, sa'an nan su koma su koya wa na gida. Kowace ƙungiya tana da shugaba mai suna jaji. Asma'u ce ke naɗa ta, ta sa mata malfa, ta naɗe malfar da jan ƙyalle, yadda duk wanda ya hangi ayarin a hanya zai san ko su wane ne, ya kuma san wadda ke jan su. Da Asma'u ta rasu, 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

Haka kuma fataken goro masu zuwa Gwanja ba su tashi sai da tsari. Akwai madugu, shi ne mai ayari. Akwai jagaba, mai wucewa gaba ya duba hanya da zango. Akwai uban dawaki, mai shirya maganar kuɗi da sarakunan hanya. Akwai kuma malamin ayari, mai rubutu da lissafi.

Ku dubi abin da 'Yan Taru da fatake suka haɗu a kai: shugaba wanda kowa ya sani, tafiya a dunƙule, da niyya bayyananniya. Duk dokokin da za su biyo baya daga nan aka ɗebo su.

3. ABIN DA YA FARU A INGILA

Abu ɗaya ne za mu ara daga waje, shi ne rubuta hanya. A Ingila masu manyan filaye sun daɗe suna tsare wa talakawa tsaunuka da tsofaffin hanyoyin ƙafa. Ran 24 ga Afrilu, 1932, ma'aikata ɗaruruwa, yawancinsu daga birnin Mancesta, suka hau wani tudu mai suna Kinder Scout ba da yardar masu filin ba, har aka ɗaure mutum 5. A 1935 ƙananan ƙungiyoyin masu tafiya suka haɗa kai suka zama babbar ƙungiya ɗaya mai suna Ramblers. A 1949 aka yi doka wadda ta tilasta wa hukumomin larduna su zana taswirar kowace hanyar ƙafa da jama'a ke da hakkin bi. Su wa suka taimaka aka tattara labarin? Mutanen ƙauyuka da 'yan ƙungiyoyin nan, waɗanda suka bi hanyoyin ɗaya ɗaya suna rubutawa. Yau hanyoyin da ke bisa taswirar, a Ingila da Wales, sun kai kimanin mil 140,000, kuma mai gona ba shi da ikon toshe ko ɗaya don ganin dama.

Rigimarsu ba irin tamu ba ce, ba mu kuwa ce a haura gonar kowa ba. Darasin shi ne: ƙafa ke raya hanya, amma alƙalami ke tsare ta.

4. AMFANINTA

Na fari, lafiyar jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana bukatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a kowane mako. Tafiya da ɗan sauri tana cikin wannan, tana kuwa rage hatsarin hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya. A gaskiya manomi da makiyayi da mai tallan nono ba su bukatar wannan wa'azi, gama sun fi haka kowace rana. Masu bukata su ne malaman ofis, da 'yan tireda, da masu kabu-kabu, da 'yan makaranta, har ma da iyayen ƙasa da malamansu, waɗanda mota da kujera suka raba da rangadi irin na da.

Na biyu, tsaron hanyoyi. Kowane uban ƙasa ya san yadda hanya ke mutuwa. Bana mai gona ya ci kunya ɗaya daga gefenta, baɗi ya ƙara ɗaya, maƙwabcinsa na wancan gefe ya ga ba a yi magana ba shi ma ya ci nasa. Kafin shekara biyar jaki da mangala ba ya wucewa. Haka ke faruwa ga burtali da mashaya, daga nan sai ɓarna, sai ƙara, wani lokaci sai jini. In an zo shari'a kowa ya kan kawo tsoho nasa ya rantse. Amma in akwai mutum ashirin da ke bin hanyar nan kowane wata, kuma an rubuta faɗinta da alamominta, to, cin kunyar farko ba zai wuce ba a gani ba.

Na uku, zumunci. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Shekarun tashin hankali sun sa akwai yara a cikin gari waɗanda ba su taɓa taka ƙauyen kakanninsu ba, akwai kuma ɗan manomi da ɗan makiyayi da suka girma mil ɗaya tsakani ba su taɓa gaisawa ba. Mutanen da ba su san juna ba sun fi saurin yarda da mugun labari a kan juna.

5. MASU RIƘE DA ƘUNGIYA

Mutum shida sun isa, a zaɓe su da ɗaga hannu, a sake zaɓe kowace shekara.

(a) Madugu. Shi ne shugaba, shi ne kuma mai amsa kiran uban ƙasa. A nemi mai haƙuri wanda zai iya cewa "a koma" ko da kowa na son a ci gaba.

(b) Jagaba. Shi zai bi hanyar kwana ɗaya ko biyu kafin ranar tafiya, ya gai da hakimin garin da za a je, ya ga inda ruwa ya yanke ko aka yi shinge. Ranar tafiya shi ne a gaba, ba mai wuce shi.

(c) Mai tsaron baya. Ba ya barin kowa a bayansa. Aikin nan ba na yaro ba ne, na mutum mai ƙarfi ne mai sanyin rai.

(d) Malamin ƙungiya, mai riƙe da littafi.

(e) Ma'aji, mai riƙe da kuɗi. Kada ya zama shi ne malami, kada kuwa ya zama ɗan gidan madugu.

(f) Mai akwatin magani. In an sami ma'aikacin asibiti ko wanda ya koyi taimakon gaggawa, ya fi.

In masu fita sun wuce 25, a raba su kashi biyu, kowane kashi da jagabansa da mai tsaron bayansa. Mata su yi tasu ƙungiya a bayan wata dattijuwa wadda gari ya yarda da ita, a kira ta jaji kamar yadda aka gada. Yaro ba ya fita sai da yardar iyayensa, a rubuta yardar.

6. HANYOYIN DA ZA A FARA DA SU

Baligi mai lafiya ya kan yi mil 3 a awa ɗaya a hanya mai kyau, watau kusan kilomita 5. A rairayi ko cikin kunyoyi ba ya kai haka. Sabuwar ƙungiya ta fara da mil 3 ko 4, zuwa da dawowa. Kada a wuce mil 8 sai bayan an yi wata uku ana fita. Kowace tafiya kuwa a sa mata abin da za a je gani, don tafiyar da ba ta da maƙasudi ba ta kan daɗe ba.

Wurno. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya hau a 1817, shi ya gina ta ribaɗi a bisa tudu mai duban fadamar Rima, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa ya ke. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, ya mai da ita mazauninsa, a zamaninsa ne Bajamushen nan Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya sauka garin a 1853, ya sake biyowa a 1854. Tafiya ta farko ta zama zagayen garin kansa, a nemi wani dattijo ya nuna inda ganuwa da ƙofofi su ke a da, a ƙare da ziyara, bisa ladabin da masu kula da hubbare suka tsara. Ta biyu a gangara fadama a ga aikin shinkafa da albasa da tafarnuwa da hanyoyin ruwan da ke zuwa daga Lugu. In hali ya yi, akwai Marnona, inda Waziri Buhari ya tsaya da jama'arsa a 1903 bayan Turawa sun ci Sakkwato, suka yi shawara kafin su komo.

Rabah. Tana bakin Gulbin Sakkwato, kimanin mil 20 gabas da birni. A nan aka haifi Sir Ahmadu Bello, ɗan Sarkin Rabah Ibrahim. Shi ma ya riƙe sarautar Rabah daga 1934 zuwa 1938, kafin ya zama Sardauna, daga baya Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Ya kamata 'yan makarantar Rabah su san cewa mutumin ya fara aikin mulki ne daga irin zauren da su ke wucewa kullum. Bakin gulbi da rani wuri ne mai kyau na koyon sunayen itatuwa, gawo da giginya da tsamiya da bagaruwa, da sanin inda mashaya ta ke.

Goronyo. Babban abin gani shi ne madatsar ruwa ta Gulbin Rima, wadda aka gama ginawa a 1984, aka buɗe a 1992. Tsawon bangonta kusan mil 8 ne, an kuwa gina ta don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Tana da nisa daga gari, kuma tana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, saboda haka ba a zuwa sai da takardar neman izini da amsarta a hannu. Duk wanda ya ga ambaliyar Satumba 2010 ya san Rima ya kan share hanya a dare ɗaya. Don haka bayan kowace damina jagaba ya sake bin hanyoyin fadama kamar bai taɓa bin su ba.

7. MAGANAR TSARO

Wannan shi ne sashe mafi nauyi, ba kuwa za mu ɓoye gaskiya ba. A Yuli 2018 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 30 a Tabanni, cikin ƙasar Gandi. A Oktoba 2021 sun kashe fiye da 40 a kasuwar Goronyo. Kowane mai karanta wannan takarda ya san waɗansu sunayen da ba mu ambata ba. Tsoron daji ba sabon abu ba ne a nan, gama Barth da kansa sai da ayarinsu ya ratsa dajin Gundumi dare da rana ba zango don gudun mahara. Amma wannan ba dalilin wasa da rai ba ne. Ga dokoki, babu sassauci cikinsu:

(1) Daren ranar tafiya madugu ya ji ta bakin uban ƙasa, da hakimin garin da za a je, da Baturen 'yan sanda. In ɗayansu ya ce a dakata, an dakata, ba gardama, ba tambayar dalili.

(2) Ba a shiga daji, ba a bin hanyar da kasuwanci ya daina bi, ba a kwana a waje, ba a fita kafin gari ya waye sosai.

(3) Ba makami, ko da wuƙar kugu ce. Sanda ta dogarawa kaɗai aka yarda. Ba tufafi iri ɗaya masu kama da na soja ko na 'yan banga.

(4) Ba a yin shelar rana da hanya a kasuwa, ko a rediyo, ko a tura wa kowa da kowa ta waya. 'Yan ƙungiya kaɗai a ke gaya wa. Labarin tafiya a ba da shi bayan an komo.

(5) A bar takardar sunayen waɗanda suka fita a hannun malamin uban ƙasa, da lokacin da a ke sa ran komowarsu. A ƙidaya mutane a wurin tashi, a wurin hutu, da wurin sauka.

(6) Ba a shiga ruga ko gidan kowa sai da gayyata ta hannun ardo ko mai gida. Ba a ɗaukar hoton mutum ko dabbarsa sai ya yarda.

In ƙasa ta yi zafi har wata shida ba a fita waje ba, kada ƙungiya ta watse. A zaga cikin gari, unguwa unguwa, ko a zaga filin makaranta. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

8. LOKACI DA GUZURI DA LAFIYA

Mafi kyawun lokaci daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne, an kwashe amfanin gona, sanyi ya sauka. A Maris da Afrilu da Mayu zafi ya kan wuce digiri 40, sai a gajarta tafiya a komo kafin ƙarfe 9. Da damina a tsaya bisa hanya sosai, kada a taka shukar kowa. A watan azumi a huta, ko a yi 'yar gajeruwa cikin gari bayan la'asar.

Kowa ya zo da gorar ruwa mai cin lita 2, da malfa ko hula, da takalmin da ƙafa ta saba da shi. Sabon takalmi ba na tafiya ba ne. Dabino da ƙuli-ƙuli da gyaɗa sun isa guzuri.

Kada a sha ruwan tafki ko na hanyar ban ruwa. Gaskiya ne an kawar da kurkunu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Nijeriya shaida a 2013, amma gudawa da amai suna nan. Kada kuma a yi wanka ko a tsaya cikin ruwa kwantacce, don a nan a ke ɗaukar tsargiya, watau fitsarin jini.

In zafi ya bugi mutum, a kai shi inuwa, a kwance masa tufafi, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita. In yana iya sha, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ya fara sambatu ko ya suma, asibiti nan da nan.

In maciji ya sari mutum, kububuwa ce ko kasa ko gamsheƙa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo, a hana shi tafiya, a ɗauke shi zuwa asibiti. Tun kafin a tashi, mai akwatin magani ya san asibiti mafi kusa, ya kuma shirya da wani mai babur wanda za a kira.

9. LITTAFIN ƘUNGIYA

Malamai, wannan sashe naku ne. A sayi babban littafi mai kauri, a sa wa shafofinsa lamba don kada a yage wani, a raba shi kashi huɗu: sunayen 'yan ƙungiya, labarin tafiye-tafiye, bayanin hanyoyi, da lissafin kuɗi. A rubuta da boko ko da ajami, wanda malamin ya fi ƙwarewa da shi, muddin wani zai iya karantawa bayansa.

Ga misalin yadda a ke rubuta tafiya ɗaya: "Asabar, kaza ga wata. An tashi daga ƙofar fada ƙarfe 6.30, mutum 18. An bi hanyar rijiya zuwa ƙauye kaza, mil 2. An gai da hakimi. An komo ƙarfe 9, mutum 18. Ƙaya ta soki yaro ɗaya, an cire an wanke. Daga tsamiya zuwa kwalbati faɗin hanya taki 6 ne. Daga kwalbati zuwa rijiya ya ragu zuwa taki 3."

Layin ƙarshen nan shi ne mafi daraja a shafin. A kashi na uku kowace hanya a ba ta shafi nata: sunanta kamar yadda tsofaffi ke kiranta, inda ta tashi, inda ta ƙare, faɗinta da taki, da alamomin da ba su gusawa, kamar kuka ko dutse ko rijiya. A rubuta ko ta mutane ce ko burtali ce. A karanta shafin a gaban hakimi da ardo da dattawan gari, in sun yarda su sa hannu. In da mai wayar da ke nuna taswira, ya taimaka, amma a kwafe cikin littafi, gama waya ta kan ɓace ko ta lalace.

Abu ɗaya kuma: malamin ƙungiya yana rubuta abin da ya gani ne, ba ya rubuta laifin kowa. Ya ce hanya ta ragu, kada ya ce wane ya ci hanya. Bincike da sulhu aikin hakimi ne da uban ƙasa. Ran da ƙungiya ta mai da kanta alƙali, ranar ƙauyuka za su rufe mata ƙofa.

10. KUƊI, DA ABUBUWAN DA KE KASHE ƘUNGIYA

Tafiya a ƙasa ba ta cin kuɗi. Abin da a ke bukata littafi ne, da akwatin magani, da ɗan abin da za a ajiye don babur in larura ta faɗo. A yanka kuɗin wata kaɗan, wanda ɗan makaranta zai iya biya, wanda kuwa ba shi da shi kada a kore shi. Kowane kuɗi da rasiɗi, a karanta lissafi a gaban kowa bayan wata uku uku. Yana da kyau a yi rajista a ofishin ƙaramar hukuma don a san da ita.

Abu huɗu ke kashe irin wannan ƙungiya. Na ɗaya, kyautar ɗan siyasa: ya kawo riguna da hotonsa, rabin jama'a su janye. Na biyu, barin aiki duka a kan mutum ɗaya: ran da aka yi masa canjin wurin aiki, ƙungiya ta bi shi. Saboda haka kowane mai muƙami ya riƙa koya wa wani. Na uku, tsere: samari su ruga, dattawa su ji kunya su daina zuwa. Saurin ayari shi ne saurin mafi rauni a cikinsa. Na huɗu, ƙabilanci: in duk 'yan ƙungiya unguwa ɗaya ne ko yare ɗaya, za a ɗauke ta rundunar wani ɓangare, littafin hanyoyinta kuwa ba wanda zai yarda da shi.

11. ABIN DA A KE SO GA UBAN ƘASA

Ba a ce ya shugabance ta ba, ba a kuwa ce ya ba ta kuɗi ba. Abin da a ke roƙo gare shi kaɗan ne. Ya aika wa hakimansa cewa mutanen nan da saninsa su ke tafe. Ya faɗa wa madugu gaskiyar halin hanya. Ya sa malaminsa ya duba littafi sau ɗaya a wata, ya kawo masa duk shafin da ya nuna hanya ko burtali ya ragu, don a yi magana tun abin yana kunya ɗaya. Sau ɗaya a shekara kuma, da sanyin hunturu, ya ajiye mota ya taka mil ɗaya tare da su. Talakawan da suka ga haka ba za su bukaci wani bayani ba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya buɗe hanyoyin da tsoro ya rufe, amin.

TAMBAYOYI DON BITA

1. Waɗanne abubuwa huɗu ne sanannu da ke raba ƙungiya da yawo?
2. Don me aka ce kada a sa kalmar "sa kai" cikin sunan ƙungiya?
3. Mene ne aikin jaji cikin 'Yan Taru, kuma me malfarta ta ke nunawa?
4. Su wa madugu zai ji ta bakinsu daren ranar tafiya?
5. Me ya sa malamin ƙungiya ba zai rubuta sunan wanda ya ci hanya ba?
6. Ka zaɓi hanya ɗaya a gundumarku wadda ka san ta ragu cikin shekara 10 da suka wuce. Rubuta mata shafi kamar yadda sashe na 9 ya nuna, ka karanta wa uban ƙasa.